Siri Lanka: yadda aka bi masassarar cizon sauro gunduma gunduma har aka ga bayanta

A ranar 5 ga watan Satumba na 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ma'aikata suka fi sani da sunan OMS, ta ba da shaidar cewa masassarar cizon sauro ta ƙare a ƙasar Siri Lanka. Ba a ba da irin wannan shaida sai ƙasa ta yi shekara 3 cur ba a sami ko mutum guda da sauron cikin gida ya sa wa cutar ba, sannan ta nuna tana da ma'aikata da kayan aikin da za su hana ta dawowa. Mutum na ƙarshe da ya kamu a cikin tsibirin an gano shi ne a watan Oktoba na 2012. Shekara 13 kafin nan, wato a 1999, likitocin ƙasar sun ƙidaya mutum sama da 264,000 da aka tabbatar da ƙwayar cutar cikin jininsu.

Siri Lanka tsibiri ce a kudu da Indiya, wadda Turawan Ingila suka mulka da sunan Silan, Larabawan da kuwa suka kira ta Sarandib. Ƴan kasuwa sun san ta da ganyen shayi da duwatsu masu daraja. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 65,600 ba, Nijar ta ninka ta kusan sau 19, amma mutanenta sun kai wajen miliyan 22. Ƙasa ce ta zafi da ruwa da gonakin shinkafa, irin wurin da sauro ke so. Kuma a cikin shekarun da ta yi wannan aiki, tana fama da yaƙin basasa. Shi ya sa labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, musamman da yake ta taɓa kai wa bakin nasara sau ɗaya, ta yi sakaci, abin ya kuɓuce mata.

Inda fari ke kawo masassara

Masana yanayi sun raba tsibirin gida biyu. Kudu maso yamma, inda babban birnin kasuwanci Kolombo yake, shi ne yankin ruwa, ana samun sama da milimita 2,500 a shekara. Arewa da gabas da wani ɓangare na kudu maso gabas, kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, su ake kira yankin fari. Sai dai farin nasu abin dariya ne ga manomin Dakwaro ko na Tanut, domin ruwan da ke sauka a can ya fi na Gaya nesa ba kusa ba. Abin da ya sa aka ba shi wannan suna shi ne, ruwan na zuwa ne cikin ƴan watanni, sannan a shiga doguwar rani.

A wannan yanki na fari ne masassara ta yi gida tun zamanin da. Wasu masana tarihi ma suna ganin tana daga cikin dalilan da suka sa aka watse daga tsohon birnin sarauta na Polonnaruwa a ƙarni na 13, bayan manyan tabkunan ban-ruwa da sarakuna suka gina sun lalace. Sauron da ke yaɗa ta a can, wanda masana ke kira Anopheles culicifacies, yana da wata ɗabi'a da ta saɓa wa abin da aka saba gani a Sahel. Ba ya son ruwa mai gudu. Idan damana ta yi kyau gulabe suka cika, ruwa na kwashe ƙwayayensa. Idan kuwa ruwa ya yi ƙaranci, gulbi ya tsinke ya bar ƴan kududdufai a kan yashi da duwatsu, rana na dukansu, to, nan ne yake hayayyafa. Saboda haka a Siri Lanka shekarar fari ita ce shekarar masassara.

Haka ta faru a 1934. Ruwan da aka saba samu a kudu maso yamma bai zo ba, gulaben yankin ruwa suka koma kududdufai, sauro ya shiga garuruwan da mutanensu ba su saba da cutar ba, jikinsu bai san ta ba balle ya yi mata tsayayya. Ga kuma yunwa, tun da shinkafa ba ta yi ba. Cikin wata 7 zuwa farkon 1935, mutum wajen 80,000 suka mutu, a ƙasar da jama'arta duka ba su kai miliyan 6 ba a lokacin. Gundumomin Kurunegala da Kegalle su suka fi shan wuya. Kinin ne babban maganin da ke hannu, shi ma bai isa ko'ina ba.

Mutum 17

Tun a 1911 Turawan mulkin mallaka suka kafa ofishin yaƙi da masassara na farko a Kurunegala, kuma shi ne tushen ma'aikatar da ke wannan aiki har yau. Amma sai bayan yaƙin duniya na biyu aka sami makami mai ƙarfi, wato maganin ƙwari na DDT. Silan na cikin ƙasashen Asiya na farko da suka fara fesa shi a bangon ɗakuna. Dabarar mai sauƙi ce. Macen sauro idan ta sha jini ta yi nauyi, sai ta sauka a bango ta huta. Idan bangon na da magani, ta mutu kafin ƙwayar cutar da ta sha ta nuna a cikinta, abin da ke ɗaukar kwana 10 ko fiye. Ba a bukatar kashe sauro duka, a dai gajarta masa kwana.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. A 1946 an lissafa masu masassara wajen miliyan 2.8. Da OMS ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar daga duniya baki ɗaya a 1955, Silan ta shiga, ta fara nata shirin a 1958. A 1963, a tsibirin duka, mutum 17 kaɗai aka samu da cutar, mafi yawansu ma daga waje suka shigo da ita.

A nan ne aka yi kuskuren da har gobe ake koyar da shi a makarantun kiwon lafiya. Aka ɗauka an gama. Aka dakatar da feshi a 1964, aka rage kuɗi, aka sallami ma'aikata ko aka maida su wasu ayyuka. Duk ma'aikacin da ya taɓa zama wurin tsara kasafin kuɗi ya san yadda abin ke tafiya: cutar da ba a gani ba ta da mai kare ta a gaban minista, layinta ne ake fara sokewa. Alhali kuwa sauron na nan, ƙwayar cutar ma na nan a ɓoye cikin jikin wasu ƴan tsiraru, a ƙauyukan da mai duba jini ya daina zuwa. Manoma masu sassabe a daji suna kwana a bukkoki, masu haƙar duwatsu masu daraja suna barin ramuka cike da ruwa, kowa na kai da komo tsakanin gundumomi. A 1967 wutar ta tashi. A 1969 an ƙidaya sama da mutum 500,000. Daga 17 zuwa rabin miliyan, cikin shekara 6.

Da aka koma ga DDT, sai aka tarar sauro ya fara sabawa da shi. Aka sauya zuwa wani magani mai suna malatiyon a shekarun 1970. A 1984 aka gano nau'in cutar mai kisa, falsifarum, ya daina jin nibakin kamar da. Sannan gwamnati ta buɗe babban aikin madatsun ruwa na kogin Mahaweli, ta kwashe dubban iyalai ta zaunar da su a yankin fari don noman shinkafa, wato ta kai wa sauro sabon jini har gida. A 1987 adadin ya haura 680,000. Kusan shekara 50 ƙasar ta yi tana biyan bashin sakacin 1964.

Kowace gunduma da taswirarta

Abin da ya sauya daga tsakiyar shekarun 1990 shi ne yadda ake kallon cutar. An daina ɗaukar ƙasar kamar gona ɗaya da za a fesa daga wannan kai zuwa wancan. Tun a 1989 an miƙa wa larduna ragamar aikin yau da kullum, hedkwata a Kolombo ta riƙe tsara manufa da sayen magani da tara alƙaluma. Kowane yanki na da jami'insa na masassara, da masu duba jini a madubin likita, da ƴan tawagar binciken sauro. Aikin waɗannan na ƙarshe ba shi da daɗin ji, amma a kansa komai ya dogara. Su ne ke bin gulabe da rijiyoyi da ramukan haƙa da ludayi suna ƙirga tsutsar sauro, su ɗaure saniya cikin wani babban sange da dare su kama sauron da ya zo shan jininta, su gwada ko maganin feshi na kashe shi har yanzu. Da rahotonsu ake sanin wane ƙauye za a fesa, a wane wata, da wane magani. Aka kuma riƙa sauya magungunan daga wuri zuwa wuri, daga shekara zuwa shekara, don kada sauro ya sake sabawa da guda.

Sai kuma likita mai yawo. Maimakon a jira maras lafiya ya zo, sai a ɗauki mota da madubi da magani a je inda ake zaton cutar: sansanin masu haƙa, ƙauyen bakin daji, barikin soja, zangon ƴan gudun hijira. A ɗebi jinin kowa, mai zazzaɓi da maras shi, wanda aka samu da ƙwayar a ba shi magani nan take. Hikimar ita ce, sauro ba ya haihuwa da cutar, a jikin mutum yake ɗaukar ta. Idan aka share ta daga jinin mutane kafin ya ɗauka, cizonsa ya zama ƙaiƙayi kawai.

Akwai wata wahala ta musamman. Mafi yawan masassarar Siri Lanka nau'in bibaks ce, wadda ba ta cika kisa ba amma tana iya kwanciya a hanta wata da watanni, mutum ya warke sarai, sannan ta farka ba tare da sabon cizo ba. Maganin da ke fitar da ita daga hanta, firimakin, sai an sha shi kwana 14. Wanda ya ji sauƙi a kwana na uku kuwa, kowa ya san halin ɗan Adam da sauran ƙwayoyin. Don haka sai da aka riƙa bin mutane ana tabbatar da sun shanye. A 2008 aka maida sabon magani mai haɗin artemisinin ya zama shi ne na falsifarum. Kuɗin Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da masassara, wanda ya fara shigowa a 2003, ya taimaka wajen sayen motoci da sange mai magani. A wasu rijiyoyi da ramuka kuma ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro aka zuba.

Sauro bai san fagen daga ba

Daga 1983 zuwa 2009 gwamnati na yaƙi da ƴan tawayen Tamil, masu neman ɓalle arewa da gabas. Waɗannan kuwa su ne ainihin yankunan masassara. A ƙarshen shekarun 1990 kaso mafi girma na masu cutar daga gundumomin yaƙi yake fitowa, irin su Jafna da Kilinochchi da Mullaitivu, inda asibitoci suka rushe, jama'a ke kwana a fili.

Duk da haka aikin bai tsaya cak ba. Gwamnati ta ci gaba da aika magani da kayan feshi zuwa yankunan da ba ta iko da su, ƙungiyoyin agaji irin su Kurwa Ruj da Likitoci Marasa Iyaka suna shiga tsakani, ƴan tawayen kuma suna barin ma'aikatan lafiya su yi aikinsu. Ba tausayi ne kaɗai ya kawo haka ba. Mayaƙin da ke rawar ɗari ba ya iya riƙe bindiga, kuma kowane ɓangare ya san sauron da ya ciji abokin gaba da magariba zai iya cizon nasa kafin asuba. Tsagaita wuta ta 2002 ta buɗe hanyoyi, aka shiga wuraren da aka daɗe ba a shiga ba. A 2006 adadin ƙasar duka ya sauko ƙasa da 1,000. Ko igiyar ruwan tsunami ta Disamba 2004, wadda ta raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, ba ta tayar da annobar da aka ji tsoro ba.

A shekarun ƙarshe, da yawa daga cikin ƴan kaɗan da suka rage sojoji ne da ke zaune a sansanonin daji. Aka haɗa kai da likitocin soja, kowane soja da ya kamu aka riƙe shi har ya gama magani kafin ya tafi hutu garinsu. A 2011 mutum 124 suka kamu a cikin gida, a 2012 kuma 23. Daga nan sai sifiri.

Gadin ƙofa

Wannan karon ba a rufe ofishi ba. Sauron na nan yadda yake, abin da babu shi ne ƙwayar cutar, ita kuwa tana iya saukowa daga jirgin sama kowace rana cikin jinin matafiyi. Kowace shekara ana samun mutum gommai da suka shigo da ita: leburori daga Indiya, sojojin kiyaye zaman lafiya da suka dawo daga Afirka ta Tsakiya ko Sudan ta Kudu, da fataken duwatsu masu daraja da ke zuwa Madagaska da Mozambik da Tanzaniya. Doka ita ce duk likitan da ya gano mai masassara, na gwamnati ne ko mai zaman kansa, ya sanar cikin awa 24. Sai a zo a binciki inda ya kwana da waɗanda suka yi tafiya tare da shi, a ɗebi jinin maƙwabta, a duba sauron unguwar. Maganin artemisinin ba a barin sa a kantunan magani barkatai, a hannun ma'aikatar yake, don haka mai neman sa dole ya biyo ta inda za a rubuta sunansa. Mai shirin tafiya ƙasar da ke da cutar kuwa ana ba shi maganin rigakafi kyauta. Jinin da ake bayarwa a asibiti ma sai an duba shi.

An gwada wannan shinge a ƙarshen 2018, lokacin da wani ɗan ƙasar da bai fita waje ba ya kamu a gundumar Monaragala, bayan sauro ya ɗauko cutar daga wani lebura baƙo a wurin wani gini. Aka yi wa wurin dirar mikiya da gwaji da feshi, abin ya tsaya a kan mutum guda. Wata barazanar ita ce mantuwa. Likitan da ya gama karatu bayan 2012 yana iya shekara da shekaru bai ga mai masassara ba, idan aka kawo masa mai zazzaɓi hankalinsa na tafiya ne ga cutar dengi, wadda ta yi yawa a can. A 2023 wani falken duwatsu da ya dawo daga Tanzaniya ya rasu da masassara, mutuwa ta farko da aka gani cikin shekaru masu yawa. Sannan a ƙarshen 2016 an gano wani sabon sauro a Mannar, Anopheles stephensi, mai son tankunan ruwa da rijiyoyin cikin birni. Shi ne dai wanda ya ɓulla a Jibuti a 2012, aka kuma gan shi a Nijeriya a 2020.

Abin da ba ya ƙetare teku

Mai karatu a Maraɗi ko Tawa zai tambaya, me ya hana a yi haka a nan? Amsar ba ta rasa nasaba da sauron kansa. Na Siri Lanka ya fi son jinin shanu, mutum na biyu ne a wurinsa. Na Afirka ta Yamma, Anopheles gambiae da danginsa, mutum yake nema, yana da tsawon kwana, kuma ko sawun kofato da ruwa ya kwanta a ciki ya ishe shi haihuwa. An auna wannan a ƙasar Hausa. Daga 1969 zuwa 1976 OMS da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da wani babban bincike a Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, kudu da iyakar Damagaram. An fesa ɗakuna, an raba wa ƙauyuka magani gaba ɗaya, cutar ta ragu ƙwarai, amma yaɗuwarta ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta koma yadda take. A wasu ƙauyukan an lissafa cewa mutum guda na shan cizo mai ɗauke da cutar sama da sau 100 a shekara. Ban da haka, Siri Lanka teku ya kewaye ta, ƙofofinta ƴan kaɗan ne. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, ƙauyuka ba su da nisa da likita, sama da kashi 90 cikin 100 na manya sun iya karatu. Ƙasar da ke da iyaka ta kilomita 1,500 da Nijeriya, ana ƙetare ta kowace ranar kasuwa, ba za ta iya gadin ƙofa irin na tsibiri ba.

Saboda haka a Sahel maganar yanzu ita ce rage mutuwa tukuna. Rahoton OMS na 2024 ya ce a 2023 cutar ta kashe mutum wajen 597,000 a duniya, kashi 95 cikin 100 a Afirka, kuma Nijar na cikin ƙasashe huɗu da suka fi yawan mamatan, da kusan kashi 6 cikin 100. Makaman da ke hannu su ne sange mai magani, da maganin rigakafin da ake ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 wata wata a lokacin damana, wanda aka fara a Nijar a 2013, da allurar rigakafi da ta shigo a 2024.

Amma ɓangaren aikin Siri Lanka da bai dogara ga teku ko irin sauro ba, shi ne na rajista da taswira: a gwada jini kafin a ba da magani, a rubuta, alƙaluman su hau sama da wuri, a san gundumar da ta fi wata. Nijar ma ba gona ɗaya ba ce. Masassarar bakin kogi a Gaya, mai daɗewa cikin shekara, daban take da ta Damagaram mai zuwa da damana, daban kuma da ta Agadas, inda take ɓulla jefi jefi. Maƙwabciya Aljeriya, inda likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar a madubi a 1880, ta sami tata shaidar a watan Mayu na 2019, kuma wuraren da ta fi sa wa ido su ne garuruwan kudu irin su Tamanrasat, inda motocin Agadas da Arlit ke sauke fasinja. Kap Ber, tsibiran da ke yamma da Senegal, ta bi sahu a watan Janairu na 2024.